Gayyar da Aka Yi wa Gonar Shushan

Mai girma dattijon unguwarmu, Norkobil-ota, wanda ya tara mu a wannan fili. Likitanmu da ya raka ni har asibitin Samarkand. Iyaye mata da kuka wuni yankan karas. Maza da ke tsaye kan tukunyar osh, dafa-dukar shinkafarmu ta taro. Jama'ar wannan ƙauye, babba da yaro: ina gaishe ku gaisuwar wadda ta tafi ba ta san za ta dawo ba.

Ni Shushan 'yar Aram, mai 'yar gonar inabin nan ta gindin tudu, na gode muku. Na gode da burodin da kuka aika mini lokacin da aka tsaga ƙirjina aka gyara zuciyata. Na gode da kajina da ba su ji yunwa ba. An ce in tashi in yi godiya a kan gayyar da kuka yi mini ina kwance, kuma da niyyar godiyar na taho. Amma kafin in zo nan na biya ta gona.

Jama'a, ina ciyawata?

Shekara goma sha biyu kuna wucewa kuna girgiza kai, kuna cewa 'yar Aram ta bar gonar ubanta ta zama daji. Shekara goma sha biyu ina gaya muku da gangan na bar ta. Ciyawar nan ke riƙe wa ƙasa laima. A cikinta ƙwarin da ke cinye miyagun ƙwari suke kwana, a cikinta bushiya ke haihuwa. Yau na tarar da ƙasa fes kamar tsakar gidan amarya. Na tona da hannuna, ko tana ɗaya ban gani ba. Sai ga Eshmurod-aka ya taho yana washe baki, ya ce, “Ƙanwata, kin ga aiki ko? Mun wanke miki ita tas! Ciyawa mun yi mata feshi, inabin ma mun yi masa, har sau biyu. Yanzu ko kiyashi ya shigo sai ya yi wasiyya.” Na rufe fuskata da hannu biyu. Ya ɗauka daɗi ne ya kama ni, har ya ce, “Haba, kada ki yi kuka mana, ai yi wa kai ne.”

Wannan ke nan. Na ce bari in shiga ɗakin randuna in sami sanyi a raina. Kun san ba na yin giya da yawa: randa huɗu ce ta farar giyar inabin bara, na bar ta tana nuna da kanta, ba sukari, ba yis, ba tacewa. Na ɗaga murfi sai ƙamshin alewa ya buge ni. Zulhumor-opa, ga ki can kina ɓoye fuska da ɗankwali. Da bakinki kika ce mini, “Wallahi Shushan, na leƙa na ga abin ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan wanki, ga tsami. Na ce baiwar Allah tana asibiti kayanta na lalacewa! Sai muka tace da ƙyalle, muka zuba sukari, muka ɗora a wuta ya tafasa. Ni ban taɓa ko ɗanɗana abin nan naku ba, amma dai yanzu ya yi kyan gani.” Opa, gurɓin nan shi ne ranta. Tafasa ta kika yi, kamar mai dafa madarar jariri.

Da maƙiyi ne ya yi mini haka, da na san inda zan kai ƙara. To wa zan kai? Eshmurod-aka, da aka ce mini ragon da yake kiwo don bikin ɗansa ya sayar ya sayi maganin feshin? Ko matan da suka wuni gaban wuta da zafin nan saboda ni? Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan yi wa fushi. Ban taɓa sanin ƙauna za ta iya yi wa mutum irin wannan ɓarna ba.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Masu duba gona za su zo kafin girbi, su ne ke ba da shaidar cewa inabina bai san magani ba, kuma da shaidar nan kaɗai wani mai shago a birnin Tashkent ke karɓar kwalaben giyata. Ɗazu wani daga cikinku ya ja ni gefe ya ce, “Shushan, ki yi shiru kawai. Duk ƙauyen nan ba mai buɗe baki.” Na sani ba za ku buɗe ba, shi ya sa ni zan buɗe. Wanda ya sayi kwalbata maganata ya saya, kuma ba zan cika masa ita da ƙarya ba. Bana babu giya. Inabin ku zo ku tsinka, ku shanya, yara su ci da hunturu.

An ce sai ƙasa ta yi shekara uku ba feshi kafin a sake ba ni shaida. Na tambayi likita a hanya ko zuciyar nan za ta kai, sai ya juya yana kallon duwatsu.

Saboda haka ina roƙon gayya ɗaya, kuma ita ce mafi wuya a gare ku: ku wuce gonata, ku ga ciyawa ta kai gwiwa, ku sa hannuwanku a aljihu.

Allah ya saka muku da alheri gwargwadon niyyarku. Allah ya mayar wa Eshmurod-aka ragonsa ninki, ya sa albarka a wannan osh da hannuwan da suka dafa shi, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma, idan kun ɗaga hannu, kada ku roƙa mini da yawa. Ku roƙa mini shekara uku.

Na gode.