Ya Shanya Min Miji a Rana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hajara, daga Rigasa.

Wata huɗu ke nan da maigidana, Malam Sani tela, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitan da ke gasa masa hannu ya ce ya riƙa tattaki da sassafe, ya yawaita shan ruwa, kuma ya guji zafin nan na bazara. Muna bi, har ya fara riƙe cokali da kansa.

Sai ga wansa, Yaya Bala, wanda ko sau ɗaya bai leƙo mu a asibiti ba, ya zo da iliminsa na teburin mai shayi. Wai sanyi ne ya daskarar da jinin, rana ce za ta narkar da shi. Ranar da na fita karɓo magani, ya shimfiɗe Malam Sani a tsakar gida da azahar kamar barkono.

Na dawo na tarar leɓɓansa sun bushe, ko sunana ba ya iya kira. Na ce, "Yaya, mene ne haka?" Ya ce, "Ke me kika sani? Ciwon ne ke fita ta gumi."

Kwana uku muka yi a asibiti ana ƙara masa ruwa, hannun kuma ya koma baya. Shi kuwa babban likitan namu, Yaya Bala, ko sannu, yana can Kawo yana cewa ni na katse magani.

Jiya ya aiko wai yana da wata dabarar idan damina ta faɗi. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in rufe masa ƙofa, ko in bar zumunci ya ƙarasa min miji?