Inci Nawa Ne a Ƙafa

A kasuwar Gusau wani dattijo ya tsaya gaban teburin mai sayar da agogo da kalkuleta.

"Ɗana, akwai wadda ke haɗa ƙafa da inci?"

"Babu, Baba. Ai wannan lissafin kafintoci da ka suke yinsa."

"Ni ma kafinta ne. Rabin rufin kwanon garin Nahuce ni na buga, ban taɓa riƙe biro ba."

"To, me za ku yi da ita?"

"Shekaranjiya ina saman rufin mutane, zarto a hannuna, na nemi inci nawa ne a ƙafa, na rasa. Sai na ce musu rana ta dame ni, na sauko."

"Ai sha biyu ne, Baba."

"Yau na sani, ɗana. Goben nake tsoro."