Hannun da Ke Wanke Mamatanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Zailani. Malamanmu masu daraja. 'Yan kwamitin jana'iza. Iyayena, yayyena da ƙannena na Croydon, na Whitechapel, da mu na nan Thamesmead: ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama, kuma ku yafe mini da zan tsayar da ku da maganar gidana. Ban saba ɗaga murya ba, na baya ku yi haƙuri.

Ni ce Karimatu. Shekara goma sha tara ina yi wa matanmu wankan gawa a garin nan. Ranar Talata Hajiya Amamata ta rasu, ita da ta riƙe hannuna a asibiti ta ce ni zan wanke ta. Ba a kira ni ba. Sai da aka rufe ta na ji.

Na san dalili, kuma abu biyu zan faɗa a kansa.

Na farko, 'yata ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, kun san kunyarmu, amma yau zan kira: Muhibbat. Ita da abokan aikinta, Sharon da Damaris, suna wani wasa ranar Lahadi. Ana kewaye tebur, kowa ya ɗauki wani mutumin tatsuniya ya yi magana da bakinsa. Nata mugun limamin wani gunki ne, mai tayar da matattu su yi masa yaƙi; "cleric" suke ce masa. A wajen wani suna, Anti Awawu ta tambaye ta me take yi ranar hutu. Yarinya haihuwar nan, Hausarta guntu-guntu, ta ce: "Anti, ni mugun malam ne, ina tashin gawa." Ta yi dariya. Ita kaɗai ta yi.

Kafin mako ya zagayo, an ce ina yanko mata gashin mamata da ƙyallen likkafani.

Na biyu, da Muhibbat ta ce mini wasa ne kawai, ban yarda da maganarta ba sai da na je na zauna na gani. Na ga takardu da fensir, na ga shayi ya huce, na ga Damaris ta jefa ɗan ƙwallon lamba irin na ludo ta ce: "An kashe ki, Muhibbat, tashi ki ɗora mana ruwan zafi." Ban ga gashi ba. Ban ga likkafani ba.

Ba na kare wasan. Harshen da na koya wa Fatiha ya kira gunki, ko da wasa, yana ci mini rai, kuma na gaya mata har ta yi kuka. Wannan tsakanina da ita ne da Allah. Amma wallahi, abin da na gani a jikin matanku ban taɓa faɗa ba, abin da na taɓa ban taɓa ɗauka ba.

Yanzu 'yar'uwarmu Katumi na kwance, likitoci sun ce a kira dangi. Jiya mijinta ya bugo mini, ya ce: "Hajiya, ta ce ke za ki wanke ta. Me zan ce mata?" Na ce masa ya bari in zo gabanku tukuna.

'Yan kwamiti, in kuna zargina, ku kira ni ku tambaye ni a gaban shaidu. In ba kwa zargina, ku faɗa a nan inda kowa zai ji. Ina roƙonku ku ba ni amsa yau, kafin in koma wajen Katumi.

Allah Ya jiƙan Hajiya Amamata, Ya sassauta wa Katumi, Ya tsare harsunanmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.