Na Riga Na Sallama wa Issaka Gidana

Zuwa ga mai girma mai gabatar da shirin rediyo, da limaminmu, da shugabannin kwamitin benenmu da ke Harlem, gaisuwa da ban girma. Ni ne Malam Haruna Bawa, mai gadi a St. George, kuma da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, domin bana na kammala ajin manya.

Benenmu na hukumar birni ne a da, daga baya ta sayar mana, mu mazauna ciki. Da na ƙudura komawa Kumasi, sai na yi cinikin gidana da Issaka direban tasi, mai 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya. Bayan sallar Juma'a muka yi musafaha, na ce masa, "Na sallama."

Ashe ba a sayarwa sai kwamiti ya gana da mai saye ya amince. Ban san haka ba, kuma na karɓi kuskurena. Amma sun ƙi ko kiran Issaka su gan shi. Shugabar kwamitin ta ce mini, "Mista Bawa, musafaha ba takarda ba ce. Wani dillali yana da mai saye da ya fi Issaka ƙarfi."

To, ku saurara da kyau. Ba zan sa hannu don kowa ba sai Issaka. Na fasa tafiyar, ina nan har su kira shi. In akwai lauya cikin masu sauraro, ina neman shawararsa.

Waɗanda aka yi cinikin a gabansu su ne Malam Sule mahauci, da Danjuma tela, da Alhaji Tanko, ɗan kwamitin, wanda yanzu yake cewa bai tuna ba.