Fitilar Inna Ta Shiga Layi

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, dattawanmu, iyayena mata, maƙwabta na kusa da na nesa, ina gaishe ku gaisuwar girma.

An ce in yi godiya a madadin iyalin maigidana, wanda kuke kira Injiniya, bisa kyautar gwarzon gyara da kuka ba shi yau. To, na gode. Na gode ƙwarai, domin sai yau na san inda batiran gidanmu suka ƙare.

Da farko, ku sani injin huda bangon da ya ɗaura muku ƙofofi da kantoci, batirinsa na asali ya daɗe da mutuwa. Maigidana ba ya sayen sabo, a wurinsa wannan aikin ragwaye ne. Farke shi yake yi, ya ciro matattun ƙwayoyin ciki, ya nemo masu rai ya liƙa da dalma. A ina yake samo masu ran? Madalla da tambaya. Kantar kicin ɗinki, matar shugaba, fankata mai caji ce ta biya. Ƙofar shagonka, mai wanki, rediyona ne ya riga mu gidan gaskiya dominta.

Na biyu, waɗanda suka mutu ma ba a binne su. Wani masani a waya ya ce masa sanyi na farfaɗo da batir, don haka in kun buɗe firjina, nama na gefe a takure, batira ne manyan baƙi. Har yau ba wanda ya farfaɗo, amma ana nan ana jinya.

Na uku kuwa ba na dariya ba ne. Surukata, Inna, mahaifiyarsa, idonta ya yi rauni, kuma lungun banɗakinmu ko da rana duhu ne. Fitila ɗaya gare ta. Ranar da aka gyara tagar wannan zaure, ta danna, shiru. Ta tafi da lalube, ta zame, ta bugu a ƙugu. Da na yi magana sai ya ce, "Aro na yi, gobe zan mayar." Inna kuwa ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan, aikin lada yake yi." Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba, domin goben nan ba ta iso ba, Inna kuma da bango take tafiya.

Na lura wanda ya kawo gyara ta hannun ƙungiya ba ya kwana biyu. Saboda haka, shugaba, ga fitilar na ɗora a teburinka. A sa ta a layi. Mu ma mazauna unguwar nan ne.

Allah Ya saka muku, Ya ba Inna lafiya, Ya tsare sauran fitilunku daga taimako. Na gode.