Fuskar Dije a Gaban Bayani

"Ba zan kashe wayar ba, Inna," in ji Raihanatu. A tashar Jega ne, tsohuwar da ke gefenta ta gaji da muryar ɗan takara a wayarta.

"Ke ma kamfe kike, ɗiyata?"

"Koyo nike. Gobe a Aliero zan yi wa masu tallafi bayanin rumbun albasar da ƙungiyarmu ke son ginawa. Dubi shafin ɗan takarar nan: fuska ɗaya, magana ɗaya, kowa ya gane."

"To, taki fuskar za ki liƙa a gaban bayanin?"

"Ta Dije ta Gumbin Kure, wadda albasarta ta ruɓe bara. Shugaban ƙungiyarmu ya ce tasa zan sa, na ƙi."

"Ya ƙyale ki?"

"Gobe dai za su ga Dije. Amma kujerata ta sakatariya, tun jiya ya ba wata."