Maganin Malam a Cikin Ƙullin Yaji

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannunki da aiki. Daga Kwarbai nake rubutowa, cikin birnin Zariya, amma ki sakaya sunana.

Ni da maigidana muna ɗauke da cutar HIV. Kullum bayan sallar asuba nakan zazzago ƙwaya biyu, ya sha ɗaya in sha ɗaya. Ko maƙwabta ba su sani ba.

Wata huɗu ke nan yana gidan yari kan rikicin fili, yana jiran shari'a. Ranar da na fara kai masa abinci, kunya ta hana ni gaya wa ma'aikata, sai na cusa maganinsa cikin ƙullin yaji. A ƙofa gandiroba ya sa na ɗanɗana tuwon kamar yadda ake yi, ya kwance yajin, ya ga ƙwayoyi babu takarda. Ya ce, "Hajiya, maganin mene ne wannan?" Ga matan unguwarmu a bayana. Na ce na ciwon kai ne. Ya riƙe.

Makon jiya na tarar Malam ya rame. Bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Ke dai kina shan naki?"

Hajiya, na ajiye kunya. Wa zan gani, wace takarda zan karɓo daga asibiti don maganin ya isa gare shi? Na ciki ma gida za su dawo, lafiyarsu tamu ce.

Malam, in kana jin rediyo, har yau biyu nake zazzagowa, sai in mayar da ɗaya.